Sauro ya daina jin magani? Amsoshin likita ga tambayoyinku

Tambaya: Likita, na fesa maganin sauro na gwangwani, na rufe ɗaki, na ga sun zube. Kafin in kwanta sai ga wasu sun tashi suna shawagi. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Jabu na nan a kasuwa, amma ko na gaske ne kana iya ganin haka. Yawancin maganin feshi na gida da wanda ake sa wa gidan sauro 'yan dangi ɗaya ne, ana kiransu firetiroyid. A jijiyoyin sauro akwai wasu ƙananan ƙofofi da sinadarin sodiyam ke bi, suna buɗewa suna rufewa, da haka saƙo ke tafiya a jikinsa. Firetiroyid yana maƙalewa a ƙofar ya hana ta rufewa, sai jikin sauro ya kama makyarkyata, ya shanye, ya faɗi. To, akwai sauron da aka ƙyanƙyashe shi da ɗan canji a ƙwayar gadon da ke gina wannan ƙofa. Masana suna kiran canjin kdr. An fara bayyana shi a sauron Anofilis, wato mai yaɗa maleriya, na Afirka ta Yamma a 1998, aka kuma gano wani irinsa a Kenya a 2000. Canji ne a wuri ɗaya tak, amma ya isa ya hana maganin kama ƙofar da kyau. Wanda ya gaje shi ta wajen uwa da uba duka ya fi wanda ya gada ta gefe ɗaya juriya.

Akwai hanya ta biyu, wadda a yau ta fi damun masana. Wasu sauron jikinsu na sarrafa sinadaran narkar da guba, dangin da ake kira P450, fiye da kima, saboda ƙwayoyin gadon da ke kula da su sun ninku ko sun ƙara himma. Maganin ya shiga, ya jigata shi, amma kafin ya kashe shi an narkar da shi. Shi ne wanda ka ga ya faɗi ya tashi. Wasu kuma fatar ƙafafunsu ta yi kauri, maganin ba ya ratsawa da sauri.

Ka lura, Malam, ba wai sauro ɗaya ne ya saba da magani a hankali ba. Tankaɗe ake yi: feshi ya kashe masu rauni, masu wancan gadon su rage a saman rariya, su ne za su hayayyafa. Macen sauro tana saka ƙwai 50 zuwa 200 a zubi ɗaya, kuma a lokacin zafi daga ƙwai zuwa balagaggen sauro bai fi kwana goma zuwa mako biyu ba. Cikin 'yan shekaru sai ka tarar jikokinsu ne suka cika gari.

Tambaya: Sauron da ba ya jin maganin feshi, zazzaɓin da yake sawa shi ma ba ya jin maganin asibiti?

Amsa: A'a. Sauro daban, ƙwayar cutar maleriya da yake ɗauke da ita daban, kowa da gadonsa. Duk wanda ya yi zazzaɓi a je a yi masa gwajin jini a ranar, in maleriya ce a sha maganin da aka rubuta har ya ƙare.

Tambaya: Tunda maganin kanti ya daina aiki, maigidana yana zuba fiya-fiya a murfin kwalba ya ajiye a ƙarƙashin gado, wani lokaci ya yayyafa a kusurwoyi. Wata kuma ta ce in jiƙa gidan sauron yara a ciki. Muna da jariri ɗan wata biyar. Akwai matsala?

Amsa: 'Yar'uwa, don Allah ki fitar da wannan abu daga ɗakin yau ɗin nan, kada ya sake kwana. Wannan tambaya ta tayar mini da hankali, domin irin wannan dabara ta sha kai yara asibiti a sume, wasu kuma ba a kai ga asibitin ba. Ban san sau nawa za a faɗa ba: maganin ƙwarin gona ba na ɗakin kwana ba ne.

Abin da ke cikin irin waɗannan kwalabe yawanci daikulobos ne, ɗan dangin oganofosfet. Aikinsa shi ne toshe wani sinadari da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isa inda aka aike shi. In an toshe shi, saƙo ya yi ta taruwa, jiki ya rikice. Wannan sinadarin ba sauro kaɗai ke da shi ba, ke ma kina da shi, jaririnki ma haka. Daikulobos kuma yana tashi ya bi iska, ga shi yana ratsa fata. Ɗaki a rufe, taga a rufe, jariri yana numfashi da sauri fiye da babba, jikinsa ƙarami, yana kwance kusa da ƙasa inda aka ajiye murfin. Gidan sauron da aka jiƙa a ciki ya fi muni, domin yaro zai kwana kumatunsa a jingine da shi, ya kama ya kai baki.

Wani abin takaicin kuma, akwai sauron da ya riga ya sami canjin gado a kan wannan dangin ma, ana kiransa Ace-1, wanda ke sa gubar ba ta kama wancan sinadarin nasa sosai. Yaronki ba shi da wannan kariya. Kina iya wayar gari sauron yana raye, yaron yana gadon asibiti.

Ga alamun da za ki kula da su: dalalar miyau, gumi mai yawa, hawaye, amai, gudawa, ƙwayar ido ta ƙanƙance kamar kan allura, kakari ko numfashi da ƙyar, tsokar jiki tana motsi da kanta, jiki ya saki, ko jijjiga. In kin ga ko ɗaya, ki fitar da yaron zuwa iska, ki tuɓe masa kaya, ki wanke fatarsa da ruwa da sabulu, ki nufi asibiti nan take da kwalbar a hannunki don a san abin da ya shaƙa. Kada ki sa shi amai. Kada ki ɗura masa madara ko mai, ba sa karya wannan guba, kuma suna iya sarƙe shi su gangara huhu. Akwai allurar atirofin da ake yi a asibiti, tana ceton rai idan an zo da wuri. Kada a ce a bari gari ya waye. Ko babba ne ya ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya bayan an yayyafa, ya fita daga ɗakin ya je a duba shi. Ki nuna wa maigida wannan amsa. Na san kare ku yake son yi, amma ba ta nan ba.

Tambaya: To in haka ne, gidan sauro mai magani yana da sauran amfani?

Amsa: Yana da shi ƙwarai, kada kowa ya jefar da nasa. Binciken da aka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa daga 2000 zuwa 2015 an kauce wa kamuwa da maleriya sau miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin 100 na wannan nasara gidan sauro ne ya kawo ta. Ko maganin ya rage kaifi, ragar tana nan tsakaninka da cizo, matuƙar ba ta huje ba kuma ka cusa bakinta ƙarƙashin katifa ko tabarma.

Yanzu ma akwai sababbi. Gidan sauro mai ɗauke da ƙarin wani sinadari da ake kira PBO, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara ba da shawarar amfani da shi a 2017, yana danne sinadaran P450 ɗin nan, sai firetiroyid ya sami damar yin aikinsa. A 2023 hukumar ta amince da wanda aka haɗa masa kulofenafir, shi kuma ba jijiya yake kamawa ba, yana katse hanyar da ƙwayoyin jikin sauro ke samar da ƙarfi ne, don haka kdr ba ta tsinana masa komai. Wannan ba ya kada sauro nan take, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, saboda haka rashin ganin gawa da safe ba shaida ba ce cewa bai yi aiki ba. Mai juna biyu da yaro ƙasa da shekara biyar su kwana a ciki kullum, kuma in zazzaɓi ya zo duk da haka, asibiti.

Tambaya: Yaya ake wanke shi?

Amsa: Ruwa mai sanyi da sabulu mara kaifi, ban da bilic, a shanya a inuwa. An yi shi ya jure wanki kusan 20 da amfani na shekara uku. Sabo kuma a baza shi a inuwa ya sha iska kwana ɗaya kafin a ɗaura.

Tambaya: Ni manomi ne. An ce feshin da muke yi a gona yana ƙara wa sauro taurin kai. Gaskiya ne?

Amsa: Akwai gaskiya a ciki. Dangin magungunan da ake fesa wa auduga da shinkafa da kayan lambu su ne dai ake yaƙar sauro da su. Ruwa ya wanko su zuwa kududdufin da tsutsotsin sauro ke girma, a tsarme, wato daidai ƙarfin da zai kashe masu rauni ya bar masu juriya. Ka bi ma'aunin da ke jikin kwalba, kada ka wanke tankin feshi a rafi ko tafki, ka sa safar hannu da takunkumi, sauran maganin kuma a kulle shi nesa da yara da abinci.

Tambaya: In an daina amfani da wani magani, sauro zai dawo yana jinsa?

Amsa: Wani lokaci juriyar tana raguwa, domin wasu canje-canjen suna da tsada ga sauron kansa, amma ba ta ɓacewa gaba ɗaya, tana kuma dawowa da sauri. Shi ya sa masu feshin bango suke juya dangin magani shekara zuwa shekara. Sai dai juyin yana buƙatar sani: DDT, wani tsohon maganin ƙwari, da firetiroyid ƙofa ɗaya suke kamawa, don haka mai kdr yana iya jure duka biyun. A Afirka ta Kudu an bar DDT aka koma firetiroyid a 1996, sai wani nau'in Anofilis mai narkar da firetiroyid ya dawo, maleriya ta haura mutum 60,000 a 2000, dole aka koma DDT don shi wannan sauron yana jinsa. Kafin a zaɓi magani, masana suna ɗaukar matan sauro kusan 100, su sa su a bututu mai takarda da aka shafa wa maganin na tsawon awa ɗaya, su ƙirga matattu bayan awa 24. In waɗanda suka mutu ba su kai kashi 90 cikin 100 ba, an tabbatar da juriya a wannan yanki, sai a nemi wani dangin.