Wai da gaske ba a mugun sarki sai mugun bafade?

Wani ɗan'uwa daga Funtuwa ya aiko yana cewa, Malam, duk sanda aka ce gwamna ko ciyaman ya gaza sai wani ya yi caraf ya ce ai ba a mugun sarki sai mugun bafade, shin karin maganar nan wanke shugaba take yi ne?

Toh ɗan'uwa bari mu fara da kalmar tukuna. Fada, da d marar lanƙwasa, ita ce mazaunin sarki, ba faɗa na rigima ba. Daga ita aka sami bafade, jam'insa fadawa, sannan fadanci. Asalin fadanci zaman fada ne kawai da yi wa sarki hidima, amma yau in aka ce wane ya iya fadanci kai ma ka san ba yabo ba ne, nufi ya iya gaya wa babba abin da kunnensa ke son ji.

Ni a fahimtata karin maganar nan ba wankewa ba ce, zance ne a kaikaice. Talaka ba shi da bakin da zai ce sarki azzalumi ne, shi ya sa ya bar jaki ya koma dukan taiki, ya zagi bafade don sarki ya tsinta. Amma wa ya jawo bafaden a jiki? Wa ke ba shi riga da salla, wa ya bar shi a bakin ƙofa? Na taɓa zama a zauren wani hakimi wata tsohuwa ta zo kan gonar marayunta da aka cinye, ta tuɓe takalmi ta durƙusa, ko rabin bayani ba ta kai ba wani mai jan rawani ya katse ta da "an gaishe ki, sarki ya ji", shi kuma hakimin yana zaune yana kallo bai ce a bar ta ta ƙarasa ba, wallahi har yau ina ganin yadda ta ɗauki takalminta a hannu ta fita. Bafaden ya yi laifi, amma shirun nan na mai rawanin sarauta ne. Babban kuskuren shugaba ke nan a wurina, ya ba wani ajiyar kunnensa. Yanzu ma haka ne, sai dai an sake musu suna, masu ba da shawara, 'yan soshiyal midiya, 'yan amshin Shata.

Kuma magabata ba su tsaya kan fadawa ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi sarakunan ya tuhuma kai tsaye, har ya kawo sunayen abubuwan da Hausa, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwa. Duba gaisuwa ɗin nan, kalmar sallama da girmamawa, ta koma abin da za ka miƙa kafin a saurare ka. Ba a tsaya kan rubutu ba, an gwabza tsakanin jama'ar Shehu da Gobirawa a Tafkin Kwatto a 1804, zuwa 1808 Alƙalawa babban birnin Gobir ta faɗi, Sarkin Gobir Yunfa ya rasa ransa a nan.

Wata 'yar'uwa kuma daga Maraɗi ta ce ta ji ana cewa babba juji ne, wannan ba zagi ba ne?

A'a 'yar'uwa, ko kusa. Cikonta shi ne kowa ya zo da shara sai ya zuba. Juji ba ya zaɓen shara, haka babba, ko maigida ne ko mai unguwa ko shugaban ƙasa, ƙorafi da tsegumi da laifin da ba shi ya yi ba duk kansa za su ƙare kuma dole ya haɗiye. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga an kama yaro don ya soki gwamna a Facebook, ko uwargida ta kasa gaya wa miji hatsi ya ƙare saboda tsoron fushinsa. Dattijai kan faɗa wa wanda aka ba girma wannan maganar don su rarrashe shi ya danne zuciya, ba yaro ne ke jefa wa babba ita ba, in za ki faɗa wa yayanki ko mijinki sai ki lura da murya.