Tambayi Makanike: Birki Ya Yi Tauri, Kuloci Yana Sulɓi

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ɗora wa tsohuwar BMW E30 injin M50. Busta, wato na'urar da ke ƙara wa fedal ɗin birki ƙarfi, ta tokare bututun shan iskar injin, sai muka cire ta, muka sa babban masta (silindar da ke tura man birki) mai faɗin milimita 25.4 don birki ya ƙara ci. Yanzu fedal ya yi tauri kamar dutse, motar kuma ba ta tsayawa. Ina matsalar take? Daga mai karatu a Sabon Gari, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kuskure biyu aka haɗa maka a wuri guda. Makanikai da dama sun ɗauka girman masta shi ne ƙarfin birki, alhali akasin haka ne. Babban masta mai da yawa yake turawa, amma matsinsa kaɗan ne.

Ga lissafin. Fedal ɗin motar da aka ƙera da busta yakan ninka ƙarfin ƙafa wajen sau 4. In ka taka da nauyin kilo 30, kilo 120 ne ke isa masta, kuma a kan fistin mai milimita 25.4 matsin bai wuce bar 24 ba (bar shi ne ma'aunin matsi). Tsayawar gaggawa kuwa tana neman bar 60 zuwa 80. Busta ce ke cike wannan giɓin, ita kuma kun cire ta.

Shawarar da na fi so ita ce ka mayar da busta. Nemi ƙarama a wurin masu kayan Beljiyam, wadda za ta shige ba tare da ta taɓa injin ba, ka haɗa mata tiyon iska da bawul ɗinsa mai hanya ɗaya. In wuri ya ƙi sam, to sai an sake fasalin fedal. Auna daga inda fedal ke lilo zuwa inda ƙafa ke taka, sannan daga inda yake lilo zuwa ƙusar sandar masta. In na farko milimita 300 ne, na biyu 75, sai a huda sabon rami a milimita 50, ninkin ya koma sau 6. Da masta mai milimita 19, wannan kilo 30 ɗin zai ba ka sama da bar 60. Amma dole a ɗaga mazaunin masta daidai da sabon ramin. Sandar da ke shiga a karkace tana cinye robar fistin. Ka kuma lura ƙaramin masta yana ƙara wa fedal nisan tafiya. In kalibobinka, wato masu matse birki a jikin taya, manya ne har fedal na neman taɓa ƙasa, matsa zuwa milimita 20.6. Kowanne ka zaɓa, ya zama mai layi biyu, don in ɗaya ya fashe ɗaya ya riƙe ka.

Bayan aiki, a gwada a fili mara jama'a, ba a kan hanyar Kano ba. Tayoyin gaba ne ya kamata su fara kullewa. In na baya suka riga, motar za ta juya da kai, sai a sa bawul mai rage matsi a layin baya, a riƙa daidaita shi kaɗan-kaɗan.

Tambaya: Na sa sabon filet da diskin kuloci masu ƙarfi, na canja mastan kuloci. Da safe lafiya lau, amma in na sha cunkoso daga PZ zuwa Kwangila sai inji ya riƙa ihu mota ba ta ja. Filet ɗin jabu ne? Daga mai karatu a Tudun Wada.

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka zargi mai shago, kwanta ka leƙa ƙarƙashin sitiyari. Sulɓin da ke zuwa sai mota ta yi zafi yawanci daga sandar masta yake. A cikin masta akwai ɗan ƙaramin rami da mai ke komawa kofi ta cikinsa idan ka saki fedal. In an tsawaita sanda fiye da kima, fistin ba ya dawowa ƙarshe, ramin ya toshe. Mai ya yi zafi ya kumbura, ba shi da mafita, sai ya riƙa danna boris a kan filet kamar ka ɗora ƙafa.

Gwajin ba wuya. Lokacin da sulɓin ya fara, sassauta notin fitar da iska na silinda ta ƙasa. In mai ya yi tsartuwa kuma sulɓin ya ɗauke, ka kama ɓarawonka. Kwance notin sanda, ka rage tsawonta har a sami wasan kimanin milimita 1 kafin ta taɓa fistin, ka ɗaure.

In ba haka ba ne, a sauke giya a duba abu biyu: ko an goge fuskar fulawil kafin a sa sabon diski, da kuma ko robar bayan karanshaf tana yoyon baƙin mai. Diskin da ya sha mai ba ya wankuwa, canji ne kawai. Sabon kuloci kuma yana son tuƙin lallaɓa na kamar kilomita 800 kafin a fara fizgarsa.

Tambaya: Wane man birki ya dace da motar gudu, kuma zan iya jan layi da bututun jan ƙarfe na masu gyaran firji? Daga ɗalibi a Samaru.

Amsa: Bututun firji a'a, ko kyauta aka ba ka. Jijjiga tana sa shi tsagewa a bakin noti. Yi amfani da bututun birki na ƙarfe mai milimita 4.75, a buɗa bakinsa da na'urar da aka yi don haka, kuma ba a yi wa layin birki walda.

Mai kuwa, a mafi ƙarancin ƙa'ida sabon DOT 3 yana tafasa a digiri 205 na Celsius, DOT 4 a 230, DOT 5.1 a 260. Dukkansu suna shan danshi. DOT 4 da ya sha ruwa yakan sauko har 155, shi ya sa fedal ke nutsewa bayan taka birki da yawa. Sayi gwangwani a rufe, ka guji na kwalba da ake aunawa a bakin titi, ka canja duk shekara bayan damina. Kada sunan ya ruɗe ka: DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran. Wajen fitar da iska, fara da tayar da ta fi nisa da masta, kuma ka tabbata notin iskar kowace kaliba yana sama. In yana ƙasa, an musanya ta hagu da ta dama, iska kuma ba za ta fita ba sai an mayar da su.