Harsashin dalma na libarbar albarushi: gindi ake fara dubawa

Malam, ka ce ka sayi libarbar albarushi Remington 1858 ƙirar kamfanin Pietta a nan Amurka, kana son ka bar ƙwallon dalma ka koma dogon harsashi, kuma kana tambaya ko dalmar da ake maƙala wa ƙafar mota za ta yi. To, ba za ta yi ba. An gauraya ta da antimoni don ta yi tauri, yanzu ma da yawa ba dalma ba ce, tutiya ce ko ƙarfe. Ni na gwada a farkon shigata, sai da na lanƙwasa sandar tura harsashi. Zallar dalma mai laushi ake so, wadda farce ke yi wa shaida.

Dalili kuwa, wannan bindiga ba ta da kwanso. Harsashin da kansa ne murfin ramin silinda, wato gangar nan mai juyawa da ake ɗura wa albarushi. Shi ya sa bindigar .44 ake ba ta ƙwallon da ya ɗan fi ramin faɗi, mai inci .454: idan ka danna, bakin ramin ya aske wani siririn zobe, ka san ya toshe. In babu zoben, wuta na iya tsallakawa zuwa ramin kusa.

Dogon harsashi kuma, kowa hanci yake kallo, alhali rigimar tana gindi. Sai an ɗan rage faɗin gindin yadda zai faɗa ramin da kansa ya tsaya cak kafin a danna. In ba haka ba, a karkace zai shiga, a karkace zai fita. Nemi mazubi mai irin wannan gindi. Ka kuma auna tagar da ke ƙarƙashin bututu, inda harsashi ke bi wajen ɗurawa. Na taɓa zuba guda hamsin masu kyau, ko ɗaya bai wuce ta ba. Nauyi ma da kuɗinsa: ƙwallo giram 9 ne, dogon kusan 13, kuma yana cinye wurin albarushi.

Maiƙon da ake shafa wa harsashi: kakin zuma da kitsen rago. Man fetur da danginsa kan haɗu da tokar albarushi su daskare kamar kwalta.

Ni dai a takardar gwajin harbi, daga yadi 25, ƙwallo ya fi haɗa mini rami wuri ɗaya, ko da yake sojojin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 dogon suka fi ɗurawa. In za ka narka dalma, yi a waje, yara na nesa, kada ɗigon ruwa ya kusanci tukunyar, ka wanke hannu kafin ka taɓa abinci.