Ga 'yar'uwar da ke tambaya kan karkacewar dashen haƙori

'Yar'uwa, da na karanta tambayarki kan abin da ke sa dashen haƙori ya karkace, da cewa likitanki yana son yin aikin da ƙaramin hoton haƙori kaɗai, sai da gabana ya faɗi, domin ta nan tawa wahalar ta faro.

A gurbin turmin ƙasa na hagu aka dasa mini. Hoton da aka ɗauka bai nuna kaurin ƙashin ba, sai ƙusar da ake dasawa cikin ƙashi don ta riƙe sabon haƙorin ta danne jijiyar da ke ratsa muƙamuƙin ƙasa. Allurar kashe zafi ta sake ni, amma rabin leɓena da haɓata suka zauna a mace. Ranar sunan jikata kunu ya zubo mini har kan mayafi ban sani ba, sai da ƙanwata ta matso ta goge mini a gaban surukai, na shige ɗaki na yi ta kuka. Sau uku ina komawa wurin likitan da ya yi mini dashen yana cewa zai warware da kansa, bai ko sake ɗaukar hoto ba, kuma har yau wannan halin ko-in-kula ya fi ciwon ƙona mini rai.

Don Allah ki dage sai an yi miki hoton CBCT, wanda ke nuna tsawo da faɗin ƙashi da inda jijiyar ta bi. Likitan da ya cire mini ƙusar ya bayyana mini cewa ana barin tazarar aƙalla milimita 2 tsakaninta da jijiyar. Ki tambaya ko za a ƙera miki abin saitin da ake kifawa a baki domin ya riƙe abin huda ƙashin. Wanda ya zauna kan haƙora ya fi wanda ya zauna kan dasashi tsayawa daram. A turamen baya, idan bakinki ba ya buɗuwa sosai, hannun likita yakan karkace, saboda haka ki gaya masa tun da wuri. Idan gurbin ya daɗe babu haƙori, ƙashin ya riga ya zaizaye, wataƙila sai an ƙara shi tukuna. Mai ciwon suga kuma ta fara daidaita shi.

Idan kika wayi gari bayan aikin leɓenki bai dawo ba, ki koma asibiti a ranar, kada ki yarda a ce miki ki jira kamar yadda na jira.