Tambaya da Amsa: Yaushe doka ta yarda a shiga wata ƙasa da yaƙi?

Tambaya: Malam, in gwamnati na kashe talakawanta, wasu ƙasashe na da ikon kai mata yaƙi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, ƙofar a ƙuntace take. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1945 ta hana amfani da ƙarfi, sai dai don kare kai, kamar yadda sashe na 51 ya tanada, ko da izinin Kwamitin Sulhu na Majalisar. Izinin na buƙatar ƙuri'a 9 cikin 15, kuma kada ɗaya daga cikin Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya da Faransa ta hau kujerar na-ƙi.

A 2005 shugabannin ƙasashen duniya suka amince cewa in gwamnati ta gaza kare jama'arta daga kisan ƙare-dangi da makamantansa, nauyin ya koma kan duniya, amma ta hannun Kwamitin.

Matsalar wannan tsari ta fito fili a Libiya. Ƙudirin Kwamitin mai lamba 1973, a Maris 2011, ya ba da izinin kare fararen hula, Nijeriya ma ta goyi baya. Sai aikin ƙungiyar tsaro ta NATO, wadda ta aiwatar da ƙudirin, ya zarce har gwamnatin Gaddafi ta faɗi, makamai suka malala Mali. A ganinmu kuskuren shi ne rashin shirin abin da zai biyo baya. Daga nan Rasha da Sin suka yi ta toshe ƙudirori kan Siriya.