ARTV tana yankewa, laifin eriya ne?

Malam, ka ce kana Kurna a Kano, kuma tun da aka yi ruwa da iska tashoshin talabijin na ARTV da NTA suke yankewa. Kada ka yi saurin sayen sabuwar eriya. Hau sama ka kwance inda waya ta haɗu da ita. Yawanci ruwa ne ya shiga, za ka tarar jan ƙarfen tsakiya ya yi kore. Yanke wurin, fere sabo, ka sake haɗawa, ka naɗe da salatif sosai.

Iska ma kan juya eriyar. Sa yaro gaban talabijin, kana juyawa a hankali yana yi maka magana. Ɗaga ta sama da kwanon rufi da tankin maƙwabta. Busta kuwa, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, ni ban cika yarda da ita ba idan waya ta lalace. In ka gama, sake neman tashoshi.