Amsa: Koyon shafa gilashi a jikin kayan ado

Malama, kin tambaya ko za ki iya koyon wannan aikin a nan Marwa ba tare da murhun lantarki ba. Za ki iya, in dai da ƙananan abubuwa kamar 'yan kunne za ki fara.

Shafen nan garin gilashi ne, irin na jikin langa, wanda ke narkewa ya kama ƙarfe a zafin digiri 750 zuwa 850. Wutar gas ta maƙeran azurfa ta isa. Ki fara da jan ƙarfe zalla. Ƙarfen nan mai ruwan ɗorawa na jikin famfo ba ya riƙe shi sosai.

Ki goge ƙarfen tas, kada yatsa ya sake taɓa shi, don maiƙon hannu kaɗai kan sa garin ya ƙi kamawa. Ki barbaɗa kaɗan, ki ɗora a kan ragar ƙarfe, ki ba shi wuta ta ƙasa. Za ki ga ya yi tsaki-tsaki kamar sukari, sannan gurji-gurji, sai ya kwanta sumul yana sheƙi. Nan za ki janye wutar. Ki shafa garin a bayan ƙarfen ma, in ba haka ba shafen zai tsage.

Don Allah kada ki daka kwalba ki ce za ta maye gurbin garin, ɓantarewa take yi in ta huce. Ki kuma rufe hanci, ƙurar tana cutar da huhu.